LACP da MLAG: ɗaure kebul a kan suwic biyu

LACP yarjejeniya ce da na'urorin netwok ke bi su ɗaure kebul biyu ko fiye su koma kamar layi ɗaya. IEEE, ƙungiyar injiniyoyi mai tsara ƙa'idojin netwok, ce ta fitar da ita a 2000 da sunan 802.3ad, a 2008 aka mayar da ita 802.1AX. Kowane ɓangare yana tura ɗan saƙon gaisuwa duk daƙiƙa 1 ko duk daƙiƙa 30, in aka ji shiru sau uku a jere sai a zare wannan kebul ɗin daga ɗaurin, sauran su ci gaba da ɗaukar kaya.

To amma a asali duk kebul ɗin suwic ɗaya suke shiga (suwic shi ne akwatin da ke haɗa na'urorin netwok), in ya mutu shikenan komai ya tsaya. Nan MLAG ya shigo. Suwic biyu ne ke haɗa baki su nuna lambar shaida iri ɗaya a saƙon LACP, sabar (babbar kwamfutar da aka jona musu) ta ɗauka da na'ura ɗaya take magana alhali kebul ɗaya na suwic na sama ɗayan na na ƙasa. Cisco na ce masa vPC a kan suwic ɗinsu na Nexus, Juniper MC-LAG, Dell kuma VLT, kowa da nasa tsarin, shi ya sa ba a haɗa na kamfani daban-daban su zama tagwaye.

Tsakanin suwic biyun akwai babban layi da suke musayar adireshin MAC (lambar shaidar kowace na'ura a netwok) da halin da kowace kafa, wato mashigar kebul, ke ciki, sai wani ƙaramin layi daban na tambayar "kana raye?". Wannan ƙaramin wallahi kar a raina shi, don in babban ya yanke kuma babu shi, kowane suwic sai ya zaci ɗan'uwansa ya mutu ya ce shi ne oga, saƙonni su riƙa ɓata ko su maimaitu.

Mutane na zaton kebul biyu na 10G (gigabit 10 a daƙiƙa) zai ba fayil ɗaya gudun 20G, a'a, kowace hira tsakanin na'urori biyu kebul ɗaya take bi, jimillar hirarraki ce ke rarrabuwa.

A ɗakunan sabar na Abuja, inda ake yawan sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta, sai a leƙa bayan rak (kantar da ake jera na'urorin) a ga tagwayen duk soket ɗaya suke sha. Kowanne a ba shi UPS ɗinsa (batirin riƙe wuta in an ɗauke), sannan a zare kebul ɗaya da hannu a gwada kafin a miƙa aiki.