Wane ne ɗan sama jannati?

Tun watan Afrilun 2025, da kamfanin Blue Origin ya harba mata shida sama, ciki har da wata shahararriyar mawaƙiyar Amurka, sunan "'yan sama jannati" ya zama ruwan dare a rediyo da Facebook. Tafiyar nan, daga tashi har dirowa, minti 11 ce ko ƙasa da haka. Ko ruwan tuwo bai gama tafasa ba. Amma mai karanta labarai ya cika baki ya ba su sunan da ya ba Suni Williams da Butch Wilmore, waɗanda suka tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Yunin 2024 da niyyar yin mako guda, kumbon Boeing da ya kai su ya samu matsala, suka shafe wata tara a can. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mutane sun ɗauka magana ce ta nisa, wai duk wanda ya haura kilomita 100, inda aka saba cewa nan sararin samaniya ya fara, to ya ci sunan. Ai hawan ba shi ne wuyar ba, gudun ne. Kumbon Blue Origin tamkar dutse ne da yaro ya wurga sama: ya je, ƙarfinsa ya ƙare, ya dawo kusa da inda ya tashi. Ita kuwa tashar tana kimanin kilomita 400 daga ƙasa, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90. Faɗowa take yi dare da rana, sai dai tsananin gudunta ya sa ƙasa ke ta kauce mata. Na cikinta ya yi shekaru yana koyon aiki, kuma aiki ne ya kai shi. Na kumbon Blue Origin kuwa fasinja ne ya leƙa ta taga. Ba duk wanda ya sauka Jidda ne alhaji ba.

Shi kansa sunan ya nuna irin mamakin da aka yi a farko. "Jannati" ɗan'uwan "aljanna" ne, tushensu ɗaya a Larabci. Wato Bahaushen da ya ji an ce mutum ya tafi wata bai sami abin da zai auna nisan da shi ba sai wannan. Ba na jin irin wannan suna na rabawa ne kamar goron biki.

Sai dai mamakin bai daɗe ba, har a Amurkan. A Yulin 1969 ɗaruruwan miliyoyin mutane suka kalli Neil Armstrong yana taka wata. Wata tara kacal bayan haka, 'yan Apollo 13, wani kumbon da aka tura zuwa wata, suka yi shiri kai tsaye daga cikin kumbonsu, manyan gidajen talabijin na ƙasar ba su sa shi ba, don zuwa wata ya zama tsohon labari. Sai da tankin iskar shaƙa ya fashe, rayuka suka shiga haɗari, sannan kowa ya juyo. A 1966 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana samun fiye da kashi 4 cikin ɗari na kasafin gwamnatin ƙasar. Yanzu ko rabin kashi ɗaya ba ta kaiwa. An soke tafiye-tafiyen zuwa wata na Apollo 18 da 19 da 20. Mutum 12 ne suka taka wata, na ƙarshensu a Disambar 1972. Ina zargin wannan sanyin gwiwa ne ya sa sunan ya yi araha: tunda jama'a sun daina bin abin, sai a ɗauko fitacciyar fuska a sa mata shuɗiyar riga don a sami masu kallo.

Mu kuwa a nan, abin da ya rage mana daga wancan zamani yana asibiti. A 1969 wani ciwon ido mai saurin yaɗuwa ya ɓarke a Ghana, ya bazu Afirka ta Yamma, kuma da yake ya zo daidai da saukar Apollo 11, kumbon da ya kai su Armstrong wata, jama'a suka laƙaba masa sunan kumbon. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, babu ruwan wata. Har gobe idan ido ya yi ja yana kwantsa, sai ka ji uwa ta ce wa ɗanta, "Kada ka kalle shi, afolo gare shi." Tambayi yaron mene ne afolo, zai nuna maka ido.