Waiwaye: Asalin Sunan Ikko, da Yadda Sunan Ruwa Ya Hau Kan Tudu

Tun zaɓen 2023 zancen "garin nan na wane ne" bai kwanta a Legas ba. Ya ɗan lafa, sai a sauya sunan wani titi ko wata tashar mota, ko wani ya yi magana a kan wanda ya kafa garin, ƙura ta sake tashi a Facebook da gidajen rediyo. Hausawan Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da Obalende kan ji maganar a guntule, a majalisar mai shayi ko a cikin danfo, har wasu su ɗauka siyasar bana ce ta haife ta. Alhali gardamar ta girmi kakannin masu yin ta, kuma kusan dukkanta tana komawa ne kan kalma ɗaya mai harafi uku, Eko, wadda bakinmu ya mayar Ikko.

Abin da ya kamata a fara warwarewa shi ne wane wuri ake nufi. Idan kana Oshodi ka ji kwandasta yana kiran "Eko Idumota", ai kana cikin Legas ne, amma ga shi ana kiran ka zuwa Eko. A bakin 'yan gari, Eko shi ne ɗan tsibirin nan da ake tsallakawa ta gadar Carter, wadda aka kammala ginin ta na farko a 1901, ko gadar Eko, ko doguwar gada ta uku da aka kammala a 1990. Tsohon garin ma bai cinye tsibirin duka ba. Yana kusurwar arewa maso yamma ne, wurin da ake kira Isale Eko, wato gangaren Eko, inda fadar Oba take.

Riwayoyin asalin sunan biyu ne, kuma kowa ya san su. Ta Awori, wani reshe na Yarabawa, ta ce mutanen kakansu Olofin sun gangaro daga Isheri suka zauna a Iddo, sai ɗansa Aromire ya tsallaka ruwa ya yi gonar barkono a tsibirin. Gona da Yarabanci oko ce, don haka Eko daga oko ta fito. Ta Bini, wato masarautar da ke jihar Edo a yau, ta ce mayaƙan Oba na Bini ne suka kafa sansani a wurin, kuma eko a harshen Edo sansani ke nan. Akwai shaidar rubutu guda mai ƙarfi: a 1603 wani likita Bajamushe mai suna Andreas Ulsheimer, da ya zo a jirgin ruwan mutanen Holan, ya rubuta cewa ya tarar da garin sansani ne na sojojin Sarkin Bini.

Inda masu gardamar intanet suka fi tuntuɓe shi ne rubuta kalmomin nan ba tare da karin sauti ba. Bahaushe ya san wannan matsala: kuka na hawaye da kukar miya rubutunsu ɗaya, kunne ne ke raba su. Yarabanci ya fi mu tsanani, domin karinsa uku ne, ƙasa, tsakiya da sama. Sunan garin Èkó ne, murya ta sauka sannan ta hau. Gona kuwa oko ce, gaɓoɓin biyu a tsakiya. Ga kuma ẹ̀kọ́, karatu, da ẹ̀kọ, agidin da ake ci da miya, waɗanda wasulansu ma daban ne. Saboda haka kafin oko ta zama Èkó sai wasalin farko ya sauya, kari kuma ya sauya. Masu goyon bayan riwayar Awori sun san da haka, shi ya sa da yawansu ke cewa bakin Bini ne ya lanƙwasa kalmar, wasu kuma su nuna unguwar Ereko da ke kusa da Idumota, wadda sunanta ma na gona ne.

A ganina sunayen unguwanni sun fi kowace gardama gaskiya. Idumota da Idumagbo suna ɗauke da kalmar Edo mai nufin unguwa. Fadar Oba kuwa, Iga Idunganran, ana fassara ta da fadar da aka gina a gonar barkono. Tsarin sarautar ma haka yake: gidan Oba yana danganta kansa da Ashipa da ɗansa Ado, da alaƙarsu da Bini, amma ƙasa tana hannun sarakunan Idejo masu farar hula, zuriyar Olofin, irin su Aromire, Oniru, Oluwa da Ojora. Gona da sansani ba sa ƙaryata juna. Wuri ɗaya yana iya zama gona a farko, ya zama sansani daga baya.

To, idan haka ne, me ya sa maganar take zafi? A nan ne ake tsallake wata gaɓa da ta fi duk waɗancan muhimmanci, wato shekaru goma tsakanin 1851 da 1861.

Kalmar Lagos ta Turawan Fotugal ce, ma'anarta tafkuna. Akwai ma wani garin bakin teku mai wannan suna a kudancin Fotugal. Matuƙan jiragensu sun iso gaɓar nan wajajen 1472, kuma abin da suka raɗa wa suna ruwa ne: Lago de Curamo, sunan da har yau ya rage a ruwan Kuramo da ke gefen Victoria Island. Mai jirgi ruwa yake gani, mashigi yake nema, shi yake sa wa alama a taswira. Shi garin kansa, 'yan kasuwar Fotugal da na Birazil da suka fi kowa mu'amala da shi a zamanin cinikin bayi, Onim suke rubutawa. A takardun Bahiya da ke Birazil, inda aka sauke dubban bayi daga wannan gaɓa, ciki har da Hausawa, sunan da ake gani ke nan. Turawan Ingila ne suka fi kiran garin da sunan ruwansa. Ke nan har farkon ƙarni na 19 wuri ɗaya yana da suna uku: Eko a bakin masu shi, Onim a littafin ɗan kasuwa, Lagos a taswirar matuƙi.

A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa tsibirin luguden wuta a rikicin sarauta tsakanin Kosoko da Akitoye. Kosoko ya fice zuwa Epe, Akitoye ya koma gadon sarauta. Ran 1 ga Janairun 1852 aka sa hannu a yarjejeniyar hana cinikin bayi, kuma a cikinta an rubuta Sarki da sarakunan Lagos ne, ba na Eko ba. Ran 6 ga Agustan 1861 Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa tashar jiragen ruwa da tsibirin Lagos ga Sarauniyar Ingila, daga baya aka yanka masa fansho na buhun wuri 1,200 a shekara. Da cinikin bayi ya mutu, sunan Onim ya mutu tare da shi. Eko ya tsaya a baki. Lagos ya shiga hatimi, kotu, takardar fili da rasit na kwastan.

Bambancin sunan baki da sunan takarda shi ne, na baki yana manne da wurinsa, na takarda kuwa yana bin iyakar hukuma duk inda ta miƙe. A lura da abin da takardar 1861 ta ambata: tasha da tsibiri. Amma cikin 'yan shekaru mulkin da aka kafa a 1862 ya kai Badagry ta yamma da Lekki ta gabas, kuma duk aka kira shi Lagos. A 1914 garin ya zama hedikwatar Nijeriya. Dokar birane ta 1917 ta ba shi matsayin birni mai daraja ta ɗaya, iyakarsa ta haɗa da Ebute Metta da ke kan tudu. A 1951 aka haɗa shi da Jihar Yamma, a 1954 aka cire shi ya zama yankin tarayya, kuma a rikicin shekarun nan ne aka yi ta rera taken "Gedegbe l'Eko wa", wato Eko zaman kanta take yi. Wanda ya ɗauka muhawarar sabuwa ce, ga ta nan da ƙafafunta shekaru saba'in da suka wuce. Ran 27 ga Mayun 1967 aka ƙirƙiri jihar Legas, aka haɗa birnin da yankunan Ikeja, Badagry, Ikorodu da Epe. Sunan da aka raɗa wa tafki ya zama sunan jiha sukutum.

Ita takardar 1861 ɗin ma ba ta wuce salin alin ba. Sarakunan Idejo sun yi ƙorafi tun a lokacin cewa ƙasa ba ta Oba ba ce balle ya bayar. Maganar ta yi ta ja har 1921, lokacin da aka yanke hukunci a ƙarar da Oluwa na wancan zamani, Amodu Tijani, ya kai kotun ƙoli ta daular Ingila a Landan kan filayen Apapa, Herbert Macaulay na rakiyarsa. Kotun ta yanke cewa miƙa mulki bai shafe haƙƙin mallakar ƙasa na 'yan asali ba. Tun daga nan ya kamata a raba tambayoyi uku da ake cakuɗawa: wa ya fara zama, wa ya kafa sarauta, wa ke da ƙasa. Kowace da amsarta.

Mu kuma Hausawa muna riƙe da wata shaida ba tare da mun lura ba. Ikko ba daga taswira muka ɗauko shi ba, daga bakin masu garin muka ji, muka ninka baƙin tsakiya yadda harshenmu ya saba. Kakanninmu sun daɗe a tsibirin. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya kafa rundunarsa ta Hausawa a nan, yawancinsu mutanen da suka kuɓuta daga bauta, kuma rundunar sojan Nijeriya daga gare ta take lissafin asalinta. Riwayar da aka fi ji game da sunan Obalende, wato inda sarki ya koro mu, tana danganta shi ne da tashin sojojin Hausawa daga wajen filin sukuwa zuwa can hayin magudanar MacGregor. Da jirgin ƙasa ya haɗa Iddo da Kano a 1912, fatake masu kawo shanu su koma da goro suka ƙara yaɗa sunan a Arewa. Tsofaffin jaridu da littattafan Hausa Ikko suke rubutawa. Legas ta zo ne ta hanyar boko, ofis da rediyo, hanyar da Lagos ta bi ta rufe Eko.

Daga baya shi ma Eko ya bi sahu ya miƙe. Yau ana cewa "Eko o ni baje", Eko ba za ta lalace ba, ana nufin jihar baki ɗaya, kuma sabon garin da aka cike teku aka gina ana kiransa Eko Atlantic. Wannan ne ya sa mutum biyu kan yi musu kowa na da gaskiya. Mai cewa sansanin Bini ne yana maganar Isale Eko ta 1603. Mai ƙaryata shi yana tunanin jiha mai ƙananan hukumomi 20, wadda tsibirin Legas ɗaya ce kawai daga cikinsu. Badagry garin mutanen Ogu ne, da sarkinsu mai sarautar Akran. Ikorodu tana da nata sarkin, Ayangburen, asalinta na komawa ƙasar Remo. Epe ta Ijebu ce, tare da zuriyar mutanen Kosoko da suka zauna can bayan 1851. Agege, inda da yawa daga cikinmu ke zaune, ƙasar Awori ce a yankin Ikeja, kuma kafin 1967 ƙarƙashin Jihar Yamma take, umarni daga Ibadan yake zuwa mata.