Na'urar Tace Iska Ba Ta Maye Gurbin Tsintsiya

A Gombe, da zarar hunturu ya kama a watan Disamba, mutane da yawa sukan ɗauka cewa sayen na'urar tace iska ya raba su da shara da goge-goge. Ba haka abin yake ba. Matatar HEPA, wato matatar ƙura da ke cikin na'urar, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma sai waɗanda ke yawo a iska. Wadda ta riga ta kwanta a kan kabad sai tsumma mai laima, ta darduma kuma sai kakkaɓewa. Idan taga a buɗe take, kunna na'urar wahalar banza ce. Ragar da ke gaban matatar ce ake wankewa, amma matatar HEPA in ta toshe sai dai a canza ta, domin ruwa yana lalata ta.