Ma'anar EIA da Ruɗanin da Ke Tattare da Ita

Tun da aka shiga muhawara kan manyan ayyuka irin su titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano (AKK), haruffan EIA, wato binciken tasirin aiki ga muhalli, suka kama bakin 'yan siyasa da masu sharhi a gidajen rediyo. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cewa "ai aikin yana da EIA", sai ka ce takardar mallakar fili ce da za a ɗaga wa mai ƙorafi ya kama bakinsa.

EIA bincike ne da ake yi kafin a sa diga a ƙasa, domin a tantance illar da aiki zai yi wa ruwa, ƙasar noma, iska da mazauna wurin. A Najeriya dokar 1992 ce ta wajabta shi, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke duba rahoton, kuma ana baje shi ga jama'a tsawon kwanakin aiki 21. Abin da ke cikinsa hasashe ne. Amincewa da shi ba izinin ɗibar ruwa ba ne, domin wannan izini daban yake, kuma ana iya sauya adadinsa bayan aiki ya kankama.

Aikin sauya bututun man Line 3 na kamfanin Enbridge a jihar Minnesota ta Amurka ya isa misali. An shimfiɗa tsohon bututun a shekarun 1960, sabon kuma ya bi sabuwar hanya a wani dogon sashe na jihar. Rahoton tasirinsa ya sha bincike, har kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta mayar da shi a 2019 saboda bai duba abin da zai faru ba idan mai ya malala a yankin da ruwansa ke gangarawa Tafkin Superior. An gyara, aka fara aiki a Disamban 2020.

Mai shimfiɗa bututu yana taɓa ruwa ta fuskoki da dama. Yana cika bututun da ruwa ya matsa shi don gano inda yake yoyo, yana bukatarsa wajen huda ƙarƙashin kogi, amma mafi yawa shi ne wanda ake zuƙewa daga ramin, domin a ƙasa mai dausayi ruwa kan cika rami kafin a saukar da bututu a ciki. Izinin farko ya amince da zuƙe galan miliyan 510. A watan Yunin 2021, lokacin da jihar ke fama da fari, hukumar albarkatun ƙasa ta ɗaga adadin zuwa kusan galan biliyan 5, wato ninki kusan goma. Hukumar ta ce yawancin ruwan ana zubar da shi ne a kusa ya koma ƙasa, amma 'yan ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin ƙasar da ke zaune a yankin White Earth na jihar, waɗanda shinkafar daji da ke tsirowa a tafkunan yankin abincinsu ce kuma abin girmamawa, ba su gamsu ba, har suka shigar da ƙara a kotunsu da sunan shinkafar kanta. A ganina suna da hujja, domin adadin da jama'a suka yi muhawara a kansa ba shi aka yi aiki da shi ba.

A kusa da garin Clearbrook kuma, tsari ya ce zurfin rami ƙafa 8 zuwa 10, sai aka haƙa kusan ƙafa 18 aka kafa farantan ƙarfe har ƙafa 28, aka fasa rufin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta ɓulɓulowa watanni ba a sanar da hukuma ba. A Satumban 2021 aka umarci kamfanin ya biya dala miliyan 3.32.

Saboda haka idan jami'i ya ce aikinsa yana da EIA, musamman a yankinmu da rijiya kan ja baya tun watan Fabrairu, ya kamata mai gabatar da shiri ya tambaye shi yawan ruwan da za a ɗiba, daga wane kogi ko burtsatse, a wane wata, da kuma ko za a sake tuntuɓar mutanen gari idan ɗan kwangila ya dawo yana neman ƙari.