Kayan mata, maganin ƙarfin maza da ɗaukewar al'ada: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne, ko daga Tudun Wada suka fito, ko Samaru, ko cikin birnin Zariya. An amsa su da baki har murya ta dushe, to ga su a rubuce. Wanda ya ga tasa ya karanta amsar har ƙarshe, kada ya tsaya a layin da ya yi masa daɗi.

Shekaruna 47, al'adata ta rikice, sai ta yi wata biyu ba ta zo ba. Sammu ne ko sanyi?

Ba ko ɗaya, Hajiya, lokaci ne ya yi. Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, saboda sinadarin istrojin yana raguwa a jiki. Ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur babu ko ɗigo, kuma kafin nan ciki na iya shiga. Don haka ki fara da awon ciki kafin ki sha kowane jiƙo na "saukar da jini". Wadda ba ta kai 40 ba al'ada ta tsaya mata, asibiti ne nata, ba jira.

Tunda al'ada ta ɗauke nake jin bushewa da zafi wajen saduwa. Wane matsi ya fi?

Babu. Don girman Allah ku daina cusa abu a gabanku. Matsalarki bushewa ce, su kuwa alimun da bagaruwa busarwa ce aikinsu: su tsotse ruwan fatar su tamke ta, ki ɗauka wurin ya matse, alhali kumburi ne. Bayan ɗaukewar al'ada fatar wurin ta riga ta rage kauri, abu kaɗan ke tsaga ta. Kanwa ta fi muni, ƙuna take yi, idan ƙunar ta warke sai tabo ya haɗe bangon wurin ya toshe, kuma likitocin mata a ƙasar nan sun daɗe suna yin tiyata a kan haka. Zuma da miski da tafarnuwa da garin da ba a san kansa ba suna rikita ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare wurin, sai ƙaiƙayi da ruwa mai wari su biyo baya, a ce sanyi ne, a sake sayo wani matsin.

Abin da ke aiki yana kemis: man saduwa mai ruwa-ruwa irin K-Y Jelly, a shafa wadatacce a lokacin. Idan bai wadatar ba, likita na rubuta man istrojin na gaba, a sa kullum da dare mako biyu zuwa uku, daga nan sau biyu a mako. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ki sani bushewar nan ba ta tafiya da kanta, idan aka daina man takan dawo. Tsarki kuma ruwa zalla a waje ya isa, sabulu ba ya shiga ciki. Masu amfani da kwaroron roba su guji Vaseline da man kaɗanya, suna lalata robar.

Goron Tula fa, da aya da dabino da kwakwa?

Abinci ne, ki ci. Babu binciken kirki a jikin mutane da ya nuna suna maido da ni'imar da ƙarancin istrojin ya ɗauke. Mai ciwon suga ta yi hattara da tsimi da gumba, rabinsu zuma ne da mazarƙwaila.

Na sayi wata zuma ta maza, an ce zallar itatuwa ce, cikin rabin sa'a ta yi aiki. Ina laifinta?

Alhaji, laifin yana cikin rabin sa'ar nan. Saiwa ko sassaƙe ba sa aiki da wannan saurin. Abin da ke yin haka sildenafil ne, wato sinadarin Viagra, ko ɗan'uwansa tadalafil, ana daka su a zuba a zuma da kofi da shayi da 'yan kwalaben da ake talla da lasifika a tasha. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da aka samu waɗannan sinadarai a cikin zumarsu ba tare da an rubuta a jikin kwali ba. Idan ciwon kai, jan fuska, toshewar hanci da ganin shuɗi-shuɗi suka biyo bayan shan, to ga shaidarka nan.

Shi sinadarin ba haramtacce ba ne, likitoci na rubuta shi: sildenafil yawanci miligiram 50 ake farawa da shi, ba a wuce 100, ba a maimaitawa a rana ɗaya. A cikin zumar kuwa babu wanda ya auna. Mai ciwon zuciya da ke shan isosorbide, ko ƙwayar nan da ake sawa a ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa da shi jininsa na iya faɗuwa warwas, har rai ya salwanta. Tadalafil yana kai sa'a 36 a jiki, haɗarin bai ƙare da wayewar gari ba. Idan gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har sa'a huɗu, a tafi sashen gaggawa, ko asibitin koyarwa na Shika ko asibiti mafi kusa, a ajiye kunya a gida, domin jinkiri na kashe naman wurin har abada. Masu sikila su suka fi shiga wannan haɗarin, kada su taɓa irin waɗannan kaya.

Ai akwai lambar NAFDAC a jiki.

Duba ƙarshen lambar. Ta maganin gargajiya takan ƙare da harafin L, ma'anarta an duba ba ya cutarwa a gwajin da aka yi, ba a tabbatar yana maganin abin da aka rubuta ba. Kuma ana buga lambar bogi. A bincika sunan a Greenbook, wato kundin kayan da hukumar ta yi wa rajista, a intanet.

Ina da hawan jini da suga, ga zafi na taso min daga ƙirji zuwa fuska, ga zufar dare. Ba na son ƙarin maganin asibiti. In sha hulba da waken suya, ko kafsol ɗin black cohosh da 'yata ta aiko daga waje?

Wannan ba ta amsuwa da eh ko a'a, Inna, sai kin yi haƙuri.

Da farko a tabbatar zafin na ɗaukewar al'ada ne. Mai shan ƙwayar suga ta glibenclamide ko mai allurar insulin, zufar dare na iya zama faɗuwar suga, don haka ki auna a daidai lokacin da ta tashe ki: ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, suga ne ya faɗi. Amlodipine da nifedipine na hawan jini su ma suna sa fuska ta ɗau zafi. Zufa da tari fiye da mako biyu da rama, a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Bugun zuciya da rawar hannu da rama alhali ana cin abinci, a duba tayirod, wato ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Sai an kawar da waɗannan ake maganar ganye.

Waken suya shi ne mafi sauƙin haɗari a cikin ukun. Yana da sinadarai masu ɗan kama da istrojin, amma raunana. Binciken da aka yi yawanci da miligiram 40 zuwa 80 na waɗannan sinadarai a rana ne, kofi ɗaya na madarar waken kuma kan ba da wajen 25, wato kofi biyu, ko kofi ɗaya da 'yar awara. Wasu matan zafin na ragu musu kaɗan, wasu ko gezau, wataƙila domin ba kowace hanji ke sarrafa sinadarin iri ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka ma, a matsayarta ta 2023, ba ta ba da shawarar a dogara da shi ko da sauran ganyayyaki ba. Duk da haka abinci ne mai gina jiki, gwada shi ba asara ba ce, da sharaɗi: ki dama naki ba sukari, domin na gora da ake sayarwa zaƙi ne zalla, awarar kuma kada kullum ta zama soyayya. Mai shan levothyroxine na tayirod ta ba da tazarar sa'a huɗu tsakanin maganin da waken. Wadda ta taɓa sankarar mama tana iya cin awara, amma kafsol ɗin waken suya sai da izinin likitanta.

Hulba kuwa, binciken da ya shafi zafin jiki ƙanana ne, ba su da yawa. Abin da aka fi tabbata a kansa shi ne tana saukar da suga, kuma a wurinki nan ne abin lura. Da metformin kaɗai haɗarin kaɗan ne, da glibenclamide ko insulin kuwa suga na iya faɗuwa. In dai sai kin sha, kada ki wuce ƙaramin cokali ɗaya a rana, ki riƙa aunawa da safe, ki sanar da mai duba ki. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ta bar ta gaba ɗaya, haka wadda ciki zai iya kasancewa a jikinta. Warin da take sawa a zufa da fitsari ba cuta ba ne.

Black cohosh tsiro ne na Arewacin Amurka. Bitar da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2012 ba ta samu isasshiyar hujjar cewa ya fi ƙwayar da babu komai a cikinta ba, kuma a Turai ana rubuta gargaɗin hanta a kwalinsa. Ga mai magunguna da yawa irinki, a ganina bai cancanci kasadar ba. Idan kin riga kin fara, idanu suka yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko gefen dama na ciki ya kama ciwo, ki daina a ranar ki tafi asibiti. Ki sa a karanta miki jerin abin da ke ciki: idan akwai St John's wort, yana raunana maganin tazarar haihuwa da na HIV da warfarin da wasu na hawan jini. Idan akwai irƙusus, wato licorice a Turance, yana hawar da jini.

Duk wanda kika zaɓa, ɗaya za ki gwada, ba uku a tare ba. Ki samu ɗan littafi ki rubuta sau nawa zafin ke tasowa a rana har mako ɗaya kafin ki fara, sannan ki ci gaba wata uku, kina auna hawan jini sau biyu a mako. Makonnin farko ba abin dogaro ba ne, don zafin kan lafa da kansa ya dawo. Idan bayan wata uku lissafin bai sauya ba, ki daina kashe kuɗinki. Maganin hawan jini da na suga kuwa ba a ajiye su ko na kwana ɗaya saboda ganye. A zafin Maris da Afrilu na Zariya, kayan auduga, rage yaji da shayi mai zafi da dare, da rage ƙiba suna taimakawa fiye da yadda ake zato.

Shekara biyu da ɗaukewar al'adata, sai ga jini. Malam ya ce istihala ce, in ci gaba da salla.

Malam ya amsa miki hukuncin salla, saura hukuncin jiki. Duk jinin da ya zo bayan wata 12 na ɗaukewa, ko ɗigo ɗaya ne, sai likitan mata ya duba, a yi sikanin, a duba bakin mahaifa. Ki kwantar da hankalinki, galibi bushewar fata ce ko ɗan tsiro marar illa. Amma haka sankarar mahaifa take farawa, kuma a wannan matakin ana warkar da ita. Kada ki tsaya shan jiƙon tsayar da jini.

Basir ne ya rage min ƙarfi, ko?

A'a, Malam. Basir ba ya hana miƙewa. Je ka auna suga da hawan jini da kitsen jini. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara toshewa, shi ya sa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Taba sigari na yi, damuwa na yi, wasu magungunan hawan jini irin atenolol da bendroflumethiazide ma na yi. Idan daga maganin ne, likita zai canza maka wani, kada ka daina da kanka.

Gagai da burantashi fa? Tun kakanni ake sha.

Kakanni ba su haɗa su da amlodipine ba. Gagai a ɓeraye aka gwada shi, kuma a gwajin an ga alamun illa a maraina da hanta da ƙoda. Burantashi yana da yohimbine, mai hawar da jini da sa bugun zuciya da fargaba, mai hawan jini ya nisance shi. Masu shan tramadol don jinkirta kawowa kuma, jaraba da farfaɗiya suke saye.

Habbatus sauda ai hadisi ne ya zo da ita.

Haka ne, kuma ingantacce ne. Ci abarka daidai misali. Hadisin dai bai lamunce wa abin da wani ya gauraya a kwalba ya liƙa mata suna ba, bai kuma ce a zubar da maganin likita ba.

An ce maganin istrojin na asibiti na kawo kansa.

Shi ne mafi ƙarfi a kan zafin jiki da zufar dare, nesa ba kusa ba. Ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa yawanci ya rinjayi haɗarinsa. Haɗarin sankarar mama na ƙaruwa kaɗan idan aka daɗe ana shan mai haɗin sinadarai biyu. Mai mahaifa ba ta shan istrojin shi kaɗai, dole a haɗa da furojestin don kare mahaifar. Ba a ba wadda ta yi sankarar mama, ko daskarewar jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta, ko jinin da ba a gano dalilinsa ba. Su waɗannan akwai wasu magungunan marasa istrojin, irin venlafaxine da gabapentin, da likita zai iya rubutawa.

Idan zan ga likita, sai na faɗi abin da nake sha?

Dole. Ki zuba komai a leda ki tafi da shi, har ƙullin garin da ba shi da suna, babu wanda zai yi miki faɗa. Idan tiyata aka sa miki, a daina duk wani ganye da jiƙo mako biyu kafin ranar, domin wasunsu na hana jini tsayawa.