“Aji Ya Cika”: Me Doka Ta Ce Game da Sanya Yaro a Firamare?

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, a daidai lokacin da ake shirin yankan gero a ƙauyukan Kano da Jigawa, za ka ga uba riƙe da hannun ɗansa ya nufi ofishin hedimasta domin a rubuta sunan yaron a aji ɗaya. Wani a karɓe shi nan take, wani kuwa a ce masa aji ya cika, ya bar suna ya dawo baɗi. Iyaye da dama suna juyawa gida da wannan amsa ba tare da sun ce uffan ba, saboda suna ɗaukar gurbin makaranta tamkar alfarma ce da ake roƙo, alhali kuwa haƙƙi ne da doka ta bai wa yaron.

Dokar da ake magana a kai ita ce ta ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole, wadda aka fi sani da UBE. Shugaba Olusegun Obasanjo ne ya ƙaddamar da shirin a Sakkwato a 1999, sannan ya zama doka a 2004. Sashe na 2 ya ɗora wa kowace gwamnati a Najeriya nauyin samar wa kowane yaro ilimin firamare na shekara 6 da na ƙaramar sakandare na shekara 3, ya kuma wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya shiga kuma ya kammala. A jiha, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ce ke riƙe da wannan aiki, a ƙaramar hukuma kuwa ofishin sakataren ilimi ne. Gwamnatin Kano ta ƙara jaddada manufar a 2019, sannan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

Babu inda dokar ta tanadi jerin masu jiran gurbi a makarantar gwamnati. Gaskiya ne manufar ilimi ta ƙasa ta so malami guda ya riƙe ɗalibai 35 a firamare, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ajin ƙauye ya ga yara zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa ya san hedimasta ba ƙarya yake yi ba idan ya koka da cunkoso. Sai dai wannan adadi ma'auni ne da ke nuna wa gwamnati yawan malamai da azuzuwan da ya kamata ta samar, ba ƙofa ba ce da za a rufe a fuskar yaro. A ganina, abin da ya dace shi ne a rubuta sunan yaron a rajista, sannan a kai kukan ƙarancin wuri ga sakataren ilimi, domin yaron da aka ce ya jira shekara guda, sau da yawa kiwo ko talla ne ke ɗauke shi, musamman yarinya, kuma da wuya a sake ganinsa a bakin makaranta.

Shekarun shiga aji ɗaya 6 ne, ɗan shekara 5 kuma yana iya fara rabin aji a inda ake da shi. A da can, akan sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa don a gane ko ya isa. Yanzu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake tambaya, kuma yana da kyau kowane uba ya neme ta, amma dokar ba ta sanya ta sharaɗin shiga aji ba, don haka shaidar mai unguwa ko katin rigakafi ya kamata su wadatar kafin a samo ta.

Maganar kuɗi kuwa dokar ba ta yi mata kwana-kwana ba. Sashe na 3 ya ce hidimomin makarantar gwamnati kyauta ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi a kansu zai iya fuskantar tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Gudummawar da iyaye suka amince da ita a tsakaninsu don gyaran rufi ko sayen alli abu ne mai kyau, amma ba za ta zama dalilin hana yaro shiga ba.

Iyaye ma dokar ba ta ƙyale su ba: wanda ya ƙi sanya ɗansa, karo na farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, daga nan kuma naira 5,000 ko wata 2. Tarar ta yi ƙanƙanta a yau, amma ta nuna cewa wajibin ya hau kan ɓangarori biyu, kuma ba adalci ba ne a hukunta uban da ya kawo ɗansa aka mayar da shi. Wanda hakan ta same shi ya fara da kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, wanda galibi dagaci ko mai unguwa ke ciki. Idan abin ya faskara, sai ya rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi, ɗauke da sunan yaron da shekarunsa da ranar da aka mayar da shi, ya kuma ajiye kwafi a hannunsa.