Waiwaye: Me majami'a ta zo yi a Damagaram?

A ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristocin Nijar ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Alƙaluman hukuma sun ba su kashi 0.3, Musulmi kuwa sun haura kashi 99. A Damagaram, garin sarauta da malamai, ba wanda zai ce rabonsu ya wuce haka. Ga shi kuma a 2024 aka cika shekara ɗari da kafa tashar mishan ta farko a ƙasar, kuma a nan Zinder aka kafa ta. Mai lissafi da kawuna zai ce an yi wahalar banza. Masu zuwa sujada ran Lahadi ba haka suke gani ba, don tun 1924 amsar tambaya guda ta yi ta sauyawa a hannunsu: mene ne aikin ikilisiya, wato jama'ar Kiristoci, a garin da kowa ke da addininsa, yana kuma riƙe da shi gam?

Alaƙar ƙasar nan da Littafi Mai Tsarki ta girmi mishan ɗin. Wajen 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a Dambanas, kusa da Kance. Aka kama shi a harin bayi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa ta Barno, inda wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya fanshe shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya ɗauke shi. Tare suka ratsa Zinder a ƙarshen wannan shekara kan hanyarsu ta Tambutu, kuma har yau ana nuna wa baƙi gidan da Barth ya sauka a cikin Birni. A 1855 Dorugu ya isa Ingila. A can wani malamin mishan, Schön, ya zaunar da shi yana rubuta Hausa daga bakinsa, har ya fitar da nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da fassarar Sabon Alkawari a 1880. Ke nan Hausar da aka fara rubuta bishara da ita akwai bakin ɗan Damagaram a ciki, tun Turawa ba su ci garin ba. Dorugu ya ƙarasa rayuwarsa a Kano yana koyarwa a makarantar Baturen nan Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa, ya rasu a 1912. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne Faransawa ba su zo da limaman coci a bayansu ba. An kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, sojan Faransa suka ci garin a 1899, ya zama babban birnin yankin daga 1911 zuwa 1926. A tsakanin nan, a 1905, Faransa ta raba gwamnati da coci a gidanta. Kumandan da ke zaune a bariki haraji yake so da kwanciyar hankali, ba ya neman abin da zai haɗa shi da sarki da malamai. Shi ya sa waɗanda suka fara zuwa da bishara masu jin Ingilishi ne da suka ɓullo ta Najeriya, 'yan ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission, SIM a taƙaice. Mutum uku suka fara ta a 1893, Bingham da Gowans da Kent, biyu daga cikinsu suka mutu da zazzaɓi kafin su yi nisa. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919, wadda ta ba 'yan mishan damar aiki a ƙasashen da Turawa suka mallaka, ita ta buɗe musu ƙofa. Suka sauka Zinder a 1924, hukuma tana yi musu kallon 'yan leƙen asirin Ingila.

Amsar SIM ba ta da kwana-kwana. Aikin ikilisiya shi ne shelar bishara, bisa umurnin da ke ƙarshen littafin Matta na a je a almajirtar da al'ummai. Suka koyi Hausa sosai, suka shiga kasuwa da ƙananan littattafai, suna karatu da wa'azi. Mutanen Damagaram suka saurara cikin ladabi, suka yi musu sannu da ƙoƙari, kowa ya koma masallacinsa. Kafin shekarun 1920 su ƙare, nauyin aikin ya koma Tsibiri ta Gobir, inda addinin gargajiya ke da sauran ƙarfi, kuma a yankin Maraɗi ne aka fi samun Hausawan da suka bi.

Wannan fahimta ta jawo wata asara da jikokin masu bi na farko ke ambata har yau. Mishan ɗin ta daɗe tana ɗari-ɗari da lakwal. A ganinta, ilimin da ke kai yaro aikin gwamnati yana raba shi da aikin Ubangiji. Dokar Faransa kuma ta ce duk makaranta da Faransanci za a koyar, 'yan mishan ɗin kuwa yawancinsu ba su iya shi ba. Sai aka tashi da mutanen da suka iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausar boko tiryan-tiryan, amma ba su da takardar da za ta sa a ɗauke su ko aikin akawu. A ganina nan ne mishan ɗin ta fi cutar da nata mutanen, ko da ba da nufi ba.

Magani ne ya sauya lissafin. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a cikin shekarun nan kuma aka kafa wurin jinyar kutare a Danja. Da farko ƙofar wa'azi aka ɗauki maganin: a duba majinyaci, a karanta masa aya. Mutane suka karɓi allura da tiyata, suka yi godiya, suka koma gida da Musuluncinsu. Daga Damagaram ma har gobe ana ɗaukar mara lafiya a bi da shi doguwar hanyar Galmi in ciwo ya gagara. In da ma'aunin 1924 za a auna, wannan faɗuwa ce. Amma a cikin littafin Matta ɗin dai akwai wani wuri, sura ta 25, inda Almasihu ya ce wanda ya ciyar da mayunwaci ko ya duba mara lafiya shi ya yi wa, bai kuma ɗora sharaɗin sai majinyacin ya sauya addini ba. Sannu a hankali masu aikin suka koma karanta wannan wuri da sabon ido, amsa ta biyu ke nan: aikin ikilisiya shi ne yi wa mabukata hidima.

'Yan Katolika ta wata hanya suka shigo. Fada François Faroud ya kafa mishan ɗinsu ta farko a Yamai a 1931, ta Zinder ta biyo baya da kusan shekara goma. Jama'arsu ta farko ba 'yan gari ba ne. Akawuna ne da mushe-mushe da soji da ma'aikatan gidan waya da aka turo daga Dahome da Togo da Haute-Volta. Baƙo kuwa raɓa ne, yau an turo shi, gobe an ɗauke shi. Da gwamnatin Diori Hamani ta kori 'yan Dahome a ƙarshen 1963 saboda rikicin tsibirin Lete, kujeru da yawa suka zama wayam. A daidai wannan lokaci babban taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya fitar da matsayar girmama Musulmi da neman zama da su. Bishop Hippolyte Berlier, wanda ya riƙe Yamai tun 1961, ya bi wannan layi: lakwal, ɗakin shan magani, rijiya, ba tare da kiran kowa ya bar addininsa ba. Shi ya sa a makarantun mishan na ƙasar nan yawancin ɗalibai 'ya'yan Musulmi ne, iyayensu na rububin nema musu wuri. A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 da aka laƙaba wa El Buhari, da ta 2005, ba a tambayi mai karɓar tiyar hatsi ina yake salla ba. Tun 2001 Zinder tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi, wanda Ambroise Ouédraogo ɗan Burkina ya fara riƙewa.

Amsa ta uku ba daga Turawa ta fito ba, kuma ita ce ta fi kama ƙasa. Daidai lokacin samun 'yancin kai masu bi na SIM suka kafa tasu ikilisiyar, EERN, da fastoci da dattawa 'yan ƙasa. Su sun san abin da Bature bai sani ba. Bahaushen da ya zama Kirista ba ra'ayi kawai ya sauya ba. Gādo na iya kuɓuce masa, surukai na iya zuwa su ɗauke 'yarsu, ranar suna ba mai raɗa wa jaririnsa, ranar mutuwa ba mai wanke shi. Duk abin da dangi ke yi wa mutum sai ikilisiya ta yi masa, in ba haka ba ya tozarta.

Wanda ya taɓa zama kusa da su ya ga yadda abin ke gudana. Saurayin da danginsa suka juya wa baya, in ya ga yarinya, wani dattijon ikilisiya zai samu ya durƙusa ya ce, “Baba, ba ni da mai tsaya mini.” Dattijon ya sa babbar riga, ya ɗauki goro, ya je ya nema masa aure a matsayin uba. In mace ta haihu, 'yan Zumuntar Mata ne za su iso da anko ɗinsu, wata da itace, wata da sabulu, wata ta kama dakan kunun mai jego. Da kaka akwai sujadar godiya: manomi ya shigo da damin hatsi a ka, wata ta kawo zakara an ɗaure masa ƙafa, tela ya kawo rigar yara, a jibge gaban bagade ana waƙa da ganga, daga baya a sayar a zuba a asusun gwauraye da marayu. Ran Kirsimeti kwanonin shinkafa su ratsa katanga zuwa gidan maƙwabta, ran Layya cinyar rago ta dawo. A nan mutum ke gane abin da suke nufi in sun ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce.

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe fili ga kowa. Ƙungiyoyin Musulunci irin su Izala suka fito sarari, majami'un Fentikos daga Najeriya da Burkina su ma suka shigo da lasifika da alkawarin warkarwa da buɗi. EERN kanta ta dare gida-gida. Murya ta ƙaru ta kowane ɓangare, haƙuri ya ragu. A Nuwamban 2000 an ƙona majami'a a Maraɗi lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA. Ranar 14 ga Satumba 2012 aka far wa majami'ar Katolika ta Zinder saboda wani fim da aka yi a Amurka na ɓatanci ga Manzon Allah.

Sai Juma'ar 16 ga Janairu 2015. Kwana biyar kafin nan Shugaba Mahamadou Issoufou ya halarci macin Paris na juyayin harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo, jaridar kuma ta sake buga zanen ɓatanci. Bayan an sauko daga masallaci Zinder ta kama da wuta. Aka ƙona cibiyar al'adun Faransa, aka bi majami'u da makarantar mishan da gidaje da shagunan Kiristoci. Mutum biyar suka mutu a nan, washegari wasu biyar a Yamai, majami'u fiye da 40 suka ƙone. Kiristoci wajen 300 suka kwana a barikin soja. Fushin Musulmi kan zanen yana da dalili, amma wanda aka huce a kansa ba shi ya yi ba. Jaridar nan ba ta coci ba ce, Paparoma ma bai tsira daga ba'arta ba. Tsohon zaton nan ne na cewa Kiristanci kayan Faransa ne, alhali Faransan ce ta fi kowa ɗari-ɗari da zuwan mishan garin nan. Shugaban ƙasa ya ce masu wannan aika-aika ba su fahimci komai a Musulunci ba, kuma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu har ƙura ta lafa.

Shugabannin majami'u suka yi kiran gafara, ba kuma a ji an rama ba. Akwai masu cewa gafarar marar ƙarfi dole ce, mutanen da ba su kai ɗaya cikin ɗari ba da me za su rama? Da gaskiya a ciki, sai dai ba duka ba. Suna da wasu hanyoyin: su tattara su bar gari, kamar yadda wasu suka yi ba su dawo ba, ko su ɓoye addininsu su saje. Waɗanda suka zauna suka kafa rumfa a cikin kangon da ya ƙone suka ci gaba da sujada, suna gaisawa da mutanen da suka san da hannun 'ya'yansu a ciki. Ba na jin tsoro kaɗai zai sa mutum ya yi wannan shekara da shekaru.

Yau Turawan mishan sun ja baya. Sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a 2018, wanda sai 2020 aka sako shi, ya sa zaman Bature a ƙauye ya zama kasada. Babban bishop na Yamai, Laurent Lompo, ɗan ƙasa ne. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jingine tsarin mulkin 2010 da ya raba addini da gwamnati, sojan Faransa kuma suka fice a ƙarshen wannan shekara. A ƙananan majami'un Zinder, albashin fasto da kwanon rufi daga baikon Lahadi suke fitowa, daga aljihun tela da mushe da malamar asibiti. Kuɗin ba su da yawa, kuma a taron dattawa ana ja-in-ja a kansu. Matasan fastoci na cewa ikilisiyar da ta daina wa'azi a fili ta zama ƙungiyar agaji kawai, a sayi lasifika a nemi fili a rediyo. Tsofaffin da suka kwana a bariki a 2015 na cewa a ƙara aji ɗaya a makaranta, a ɗaga katanga tukuna.